Gishirin da Na Ƙara wa Saƙon Ɗiyata

Ni dillalin dabbobi ne a kasuwar Sabon Birni, kuma duk wanda ya san ni ya san ban taɓa sayar da ramammen rago ba. Idan ka kawo mini tunkiyar da iska ke kayarwa, kafin in gama yabonta kai da kanka za ka fasa sayarwa. Ana ba da labarin wai na taɓa yabon wani jaki har ya ji kunya ya sunkuyar da kai. Ni na ƙirƙiri labarin, amma yau akwai dattawan da za su rantse a gabansu aka yi. Haka Allah ya yi bakina. Na shekara arba'in da wani abu ina wasa da shi ban ga ya cuci kowa ba, sai da ya zo kan yayana.

Yayana manomi ne, gonarsa ta gero tana can wajen Tsamaye. Gida ɗaya muke zaune, shi a sashen gabas, ni a na yamma. Mutum ne da zai wuni bai yi magana goma ba. Mahaifiyarmu takan ce tun a ciki na haɗa rabon maganarsa da nawa na cinye. Shekarun baya shawara ta kwantar da shi, idonsa ya koma kamar an jiƙa shi da rawaya, muka kai shi Sakkwato. Likita ya ce ciwon hanta ne, irin wanda ƙwayar cuta ke kawowa, ya ɗora shi a kan wata 'yar ƙwayar magani, ɗaya kullum, ya ce babu ranar dainawa. Maganin ya karɓe shi. Ya koma gona, ya yi ƙiba, har ya fi ni kyan gani, abin da ban yafe masa ba. Amma ransa bai taɓa kwanciya da ƙwayar nan ba. Sau ɗaya na ji ya yi maganarta, yana juya ta a tafin hannu, ya ce shi a saninsa magani ana sha ne a warke a tashi, wannan kuwa an ɗaure shi ne kamar akuya a turke.

Yana da ɗiya, ita ce 'yar farinsa. A gidanmu, kamar gidaje da yawa a ƙasarmu, uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zama ya yi hira da shi, ba ya nuna ya damu da shi a gaban mutane. Kunya ce, kuma yayana ya riƙe ta fiye da kowa. Tun tana rarrafe, idan ta nufo shi sai ya tashi ya ba ta wuri. Mahaifiyarta ma haka. Don haka ni na zama ubanta na magana. Idan yana son a gaya mata wani abu sai ya ce mini, "Ka hwaɗa ma ɗiyakka." Idan ita ke da saƙo sai ta same ni, "Baffa, ka ce ma Baba." Takardar makaranta, ciwon kai, takalmin da ya tsinke, duk ta bakina suke bi. Kuma duk abin da ya bi ta bakina yakan fito ya fi yadda ya shiga. Ta zo ta uku a aji, na ce masa ta ɗaya, malamai har kuka suke. Ranar ya ci tuwo malmala biyu. Ni kaɗai na san yadda mutumin nan yake son yarinyar nan, don ni ke ganin kunnensa yana motsi idan na ambace ta.

Ta yi karatu har jami'a a Sakkwato, fannin haɗa sinadarai. Da ta gama ta zarce karatu na gaba, ta zaɓi aiki a kan irin maganin da ubanta ke sha. Ita ce ke sayen ƙwayar ta aiko. Wata bazara hanya ta lalace da 'yan bindiga, ba kullum ake samun amintaccen mai zuwa ba, sai ta ce in zo da kaina in karɓi na wata shida.

Ta kai ni ɗakin da suke gwaje-gwaje. Wari ya tare ni tun daga ƙofa, wani irin wari tsakanin fetur da lemon da ya ruɓe. Ta sa farar riga, ta ba ni wani tabarau.

"Baffa, kada ka taɓa komi."

"Ni da na riƙe ƙahon bijimin da ya watsa kasuwa guda, kwalba za ta ba ni tsoro?"

"Bijimin bai cin hannu. Wanga shina ci."

Na mayar da hannuwana aljihu. Na ce to Likita, a nuna mini inda ake dafa maganin. Ta ce ita ba likita ba ce, in daina. Ta zaunar da ni a kan wata doguwar kujera marar jingina, ta tambaye ni ko na tuna ayarin raƙuman da ke saukowa daga Nijar da kanwa da dabino. Na ce ni na yi musu dillanci tun ba a haife ta ba.

"To ka san yadda ake ɗaure akalar kowane raƙumi ga wutsiyar na gabanshi. Ƙwayar cutar da ke cikin hantar Baba, in za ta hayayyafa, sai ta jera wani zare nata, guntu bayan guntu, kowane guntu ana ɗaure shi ga na gaba. Guntayen ga jikin mutum take ɗibarsu. Mu aikinmu mu ƙera guntu na jabu. Ya yi kama da na gaske har ta ɗauke shi ta sa cikin layi, amma mun cire mishi wurin da na baya zai kama."

"Raƙumi ba wutsiya," na ce.

"Raƙumi ba wutsiya. Ayari ya tsaya nan. Maganin da Baba ke sha haka yake aiki. Bai kashe ta, hana ta haihuwa yake. Ranar da ya bari, za ta taso da ƙarfinta, jiki shi ma ya taso ya yaƙe ta, kuma cikin hanta za a yi yaƙin."

Na ji wannan maganar da kunnena. Ina rubuta ta a nan don kada wani ya ce ba a gaya mini ba.

Ta nuna mini yadda take ƙera nata. Tana ɗaukar guntun na gaske ta canja masa wuri guda, kamar a ɗauki raƙumi a sauya masa ƙafa. Kafin ta taɓa wurin sai ta lulluɓe sauran sassan da wani sinadari don kada aikin ya shafe su, ta haɗa abin da za ta haɗa, ta kware lulluɓin, sannan ta tace ta cikin wani dogon bututun gilashi cike da farin gari. Ruwan yana sauka ɗigo-ɗigo. Na tsaya kallonsa har na ji gemuna ya ƙara tsawo. Ta ce wani lokaci sai ta yi wata biyu a kan abu ɗaya, wuta ta ɗauke, firji ya huce, ta koma farko. Ta ƙera iri-iri. Waɗansu ƙwayar cutar ta gane jabu ne ta ƙi ɗauka. Waɗansu kuma sun tsayar da ita, amma sun haɗa da ƙwayoyin hantar da ake raino a faranti don gwaji sun kashe. Sai ta buɗe firji ta fito da wata kwalba da ba ta kai gaɓar yatsa ba. A gindinta akwai farin gari wanda ko farce ba zai cika ba.

"Wanga ya rage ta, kuma bai taɓa ƙwayoyin hanta ba, ga ɗan abin da munka zuba. A faranti, Baffa. Ko ɓera ba a ba ba, balle mutum. Ko ya yi kyau shekaru ne, wataƙila in tsufa ban ga an sha shi ba."

Tana faɗa tana ƙoƙarin ɓoye murna, irin yadda ubanta ke yi. Da za mu rabu ta ba ni robobin magani shida a leda, da saƙo biyu. Na farko, in ce wa Baba kada ya tsallake ko kwana ɗaya. Na biyu, ta faɗe shi tana kallon ƙasa, in ce masa aikin ya fara nuna alama.

Hanyar Sakkwato zuwa Isa tana da tsawo, kuma a cikin bas kowa ya yi tsit yana kallon daji. Ni ba na iya shiru, shirun tsoro kuma ya fi kowane ci mini rai. Sai na fara ba maƙwabcina labarin ɗiyata. A farkon hanya garin nan ya rage cuta a faranti. Da muka yi nisa ya kashe ta. Kafin mu shiga Isa ɓerayen da ba a taɓa gwadawa ba sun warke sun yi aure. Mota ta yi dariya, har direba. Da na sauka a Sabon Birni ni kaina na fara mantawa da girman kwalbar.

Na sami yayana a zaure bayan la'asar yana sa wa fartanya sabuwar ƙota. Bai tambaye ni ita ba, ba zai taɓa yi ba. Ya ce, "Ya hanya?" Na ga kunnen ya motsa.

Na ce, "Yaya, ɗiyata ta gama da ciwonka. Na gani da idona. Wani farin gari ne, in an nuna ma cutar kwalbar kaɗai sai ta nemi hanyar Nijar."

Ya ci gaba da fiƙe ƙota. Can ya ce, "Sha guda ne ko shi ma kullum?"

"Sha guda. Ka sha da sahe, kahin magariba hantarka ta koma ta ɗan maraƙi."

"Yaushe?"

Babu wanda ya ba ni lokaci. Na duba waje, na ga hadari na farko yana haɗuwa a gabas, na ce, "Ana gama girbi."

Ya ajiye wuƙar. Ya yi murmushi, irin wanda rabona da gani tun kafin ciwon. Don wannan murmushin na yi duk abin da na yi, kuma na same shi. Sai da na miƙe za ni shiga gida na tura masa ledar da ƙafa, na ce, "Ta ce a ci gaba da waɗanga kahin nan." Haka na isar da saƙon farko, ina kakkaɓe riga, bayana a juye.

Yayana yana da aboki Bafulatani wanda kowane rani yake sauka a gonarsa da shanu, su ci kara su bar taki. Abotar ta fi shekara ashirin. Da ruwa ya kusa sauka, lokacin da makiyaya ke tashi daga gonaki, yayana ya je sallama ya tarar da idon abokinsa ya yi rawaya. A wurinmu idan kana da maganin da ya yi maka aiki, ka ga ɗan'uwa da irin ciwonka, ba ka ɓoyewa. Ana miƙa sauran magani kamar yadda ake miƙa sauran iri. Yayana ya ga shi lafiyarsa ƙalau, ga maganin sha guda yana tafe da kaka, ga mutum zai shiga daji inda babu asibiti. Ya koma gida ya ɗauko ledar gaba ɗaya ya kai masa. Bai gaya wa kowa ba, don shi ba ya faɗin alherin da ya yi.

Damina ta yi kyau. Ɗiyata takan kira ni a waya duk mako. "Baffa, shina sha?" Ni kuma in ce, "Kamar tuwo. Jiya ma sai da munka riƙe shi kada ya haɗiye robar." Ta yi dariya ta kashe wayar. Ban taɓa leƙawa na ga robar ba. Ita ba za ta iya kiransa ta tambaya ba, shi ba zai iya kiranta ya ce yaushe naki zai fito ba. Tsakaninsu ni ne kaɗai, kuma ni ina kasuwa ina yabon tumaki.

Gero ya fara fitar da kai lokacin da matarsa ta aiko a kira ni. Ta ce kwana biyar ba ya cin abinci, fitsarinsa ya koma kamar shayi. Na shiga ɗakin da wasa a bakina, na ce wa ya ga angon kaka a kwance. Ya ɗago ido. Na ga rawayar ta dawo. Na ce a miƙo robar maganin in gani.

Ya ce, "Na ba abokina. Shi ya hi ni bukata."

"Tun yaushe?"

"Tun kahin shuka."

"Yaya, don mi?"

Ya dube ni, babu fushi ko kaɗan a fuskarsa. "Kai kac ce ana gama girbi. Na ga za ni kai."

A lokacin an yanke layin waya a duk yankinmu saboda 'yan bindiga. Mai son magana sai ya bi mutane zuwa bakin iyaka inda ake kama layin Nijar. Na je, na hau wani tudu tare da mutum kusan ɗari, kowa ya ɗaga waya sama kamar masu roƙon ruwa. Da ta ɗauka, bakin nan nawa da ya saba ƙarawa sai ya koma ragewa. Na ce Baba yana ɗan jin jiki.

"Idonshi fa?"

Na ce ya ɗan canja.

"Baffa, shina shan maganin?"

Na ce ya ɗan huta da shi.

"Ku kawo shi yau."

Ba a yau muka kai shi ba. Motoci ba sa tashi sai sun taru sun yi ayari, kuma sai da muka kwana uku kafin mu samu wadda ta kai mu Isa, daga nan wata ta kai mu Sakkwato. Cikinsa ya kumbura har riga ba ta rufe shi. A hanya yana jingine da kafaɗata, kowane rami muka faɗa sai ya ce a hankali, "Ya Allahu." Ban ba kowa labari ba a cikin motar nan.

A asibiti suka mayar da shi kan ƙwayar nan take, suka zuƙe ruwa daga cikinsa. Likitan ya ce cutar ta taso gaba ɗaya bayan an daina shan magani, kuma hantar da ma tana da tsohon tabo, ba ta da sauran ƙarfin ɗaukar wannan. Ya ce za su yi abin da za su iya. Ɗiyata ta ja ni baranda.

"Baffa, mi kac ce mishi?"

Na yi niyyar in gyara. Na duba fuskarta na ga ta ubanta ce sak. Sai na faɗa mata yadda na faɗa masa, kalma bayan kalma, da hanyar Nijar, da sha guda, da girbi. Ban taɓa maimaita magana ba tare da ta canja ba sai ranar.

Ta ce, "Ɗan maraƙi." Ta sake cewa, "Ɗan maraƙi." Ta zauna a ƙasa da farar rigarta, ta rufe fuska da mayafi. Na tsaya kamar turken da aka kwance wa dabba.

Kwana huɗu tana zuwa tun safe, ta yi magana da likitoci, ta sayo abin da aka rubuta, amma ba ta wuce bakin ƙofar ɗakin, yadda aka rene ta. A rana ta biyar hankalinsa ya fara gushewa. Likita ya ce dattin da hanta ta kasa tacewa ne ya hau kai. Idan ya miƙa hannu sai ya riƙa kaɗawa kamar fiffiken kaza. Yana ce mini in kore awaki daga gero. Da hantsi, muna zaune, sai ya juya ya kalli ƙofa ya kira sunanta.

Shekararta ashirin da bakwai ba ta taɓa jin sunan a bakinsa ba. Ni ma ban taɓa ji ba. Ya faɗe shi daidai, kamar wanda ya daɗe yana maimaitawa a zuci. Ta shigo ta durƙusa a gefen gadon.

"An gama girbi?"

"Ba a gama ba, Baba."

"To ki ba ni naki. Ko kaɗan ne."

Ta waiwayo ta dube ni. Wallahi bakina ya buɗe da kansa, za ni ce gobe ake kawowa a jirgin sama. Ta ɗaga mini hannu.

"Baba, nawa bai zama magani ba tukuna. Gari ne cikin kwalba. Ba a taɓa ba kowa ba."

Ya kalli silin. Sai ya ce, "Baffanki yac ce." Ya tsaya. Wata 'yar dariya ta fito masa ta hanci, irin wadda yake yi mini tun muna yara idan na dawo da labarin kuran da na kora. "Baffanki," ya ce. Ya bar hannunsa a cikin nata. Bayan kwana biyu, da safe, ya cika. A Sakkwato aka binne shi, don babu mai ɗaukar gawa a hanyar nan.

Mu muka girbe geron. Ya yi kyau fiye da na kowace shekara, kuma wannan karon ban ƙara komai ba.

Ta zo gida aka yi zaman makoki. Ba ta gaya wa kowa abin da na yi ba, har mahaifiyarta. Abu ɗaya ta roƙe ni, in nemo Bafulatanin nan, don ba a san ko ciwonsu ɗaya ba ne, kuma idan ɗaya ne, ranar da robobin suka ƙare shi ma abin da zai same shi ke nan. Na tambayi duk makiyayin da ya shigo kasuwa. Wani ya ce ya haura Nijar, wani ya ce an kwashe masa shanu ya yi kudu. Rani biyu ke nan bai sauka a gonar ba.

Ni na raka ta tashar Isa ranar da za ta koma bayan makokin. Muna jiran bas ta cika, sai na ce, "Raƙumin nan naki marar wutsiya, ya yake?"

"Ya mutu, Baffa. Da munka ƙara yawanshi sai ya fara kashe ƙwayoyin hanta, awa sauran. Tun tsakiyar damina na sani."

"Tun kahin a yanke layi?"

"Tun kahin."

"Ba ki hwaɗa min ba."

Ta gyara jakarta a cinya. "Ban san abin da zai zama ba kahin ya isa gida."

Da ta faɗa mini, da na gaya masa maganin ba zai zo da girbi ba, da wataƙila ya nemi wata robar. Na san ita ma wannan lissafin take kwana da shi, kuma ni na koya mata kada ta amince da bakina. Motar ta cika, ta shiga, ta zauna a gefen taga ba ta waiwayo ba. Tana can har yanzu tana tace wani garin, ɗigo-ɗigo. Takan aiko da gaisuwa ta hannun ƙanenta.

Ranar kasuwa ta zagayo na koma bakin aiki, don ban iya wata sana'a ba. Wani ya jawo mini rago, ƙashin haƙarƙarinsa ana ƙirgawa daga nesa, ya ce, "Dillali, a taimaka." Na dafa bayan ragon. Na ce wannan ba don an ɗaure shi ba da ya ture motar kanwa. Mutane suka yi dariya, aka saya.